Wanda ya nuna katinsa ana tsakiyar poka, hannunsa ya mutu ko yana nan?

"Salamu alaikum Yaya. Dan Allah ina da tambaya, an ce mani ka taɓa aikin raba karta. Mu a fadarmu nan Sabon Gari muna buga poka bayan isha'i, a waya muka koya, ba kuɗi muke sawa ba, marafen kwalba ne jeton ɗinmu, kowa a ba shi ɗari, wanda nasa suka ƙare ya tashi, na ƙarshe shi ya ci. Shekaranjiya mu uku muka rage a hannu, ni da Lawali da Mutari. A ƙasa, cikin katin da kowa yake haɗawa da biyun hannunsa, akwai sarkin pik, tara pik, huɗu karo, sai aka buɗe biyu pik. Lawali ya zuba rabin marafensa sannan ya juya kati ɗaya, as ɗin pik, ya ce duk mai ƙarfin hali ya biyo. Mutari yana riƙe da bakwai da shida na pik, da pik ukun ƙasa ya cika kuler kenan, wato kati biyar iri ɗaya, amma ya tsorata ya kwanta ya yar da katinsa, ni da sarki da dam na bi. Kati na ƙarshe as ya zo, Lawali ya ci ni da as biyu kawai, ashe ba shi da kuler. Mutari ya ce hannun Lawali ya mutu tunda ya nuna, ni da na bi shi ni za a ba marafen. Lawali ya ce katinsa ne in ya ga dama ya manna a goshi. Har yau ba sa magana sosai. Mece ce doka, kuma wannan cuta ce ko dabara?"

Wa alaikumus salam ƙanena. In na gane ka tambaya biyu ce ka haɗa wuri guda, ta farko me doka ta ce a kan wanda ya buɗe katinsa alhali ba a gama zubi ba, ta biyu kuma ko da doka ba ta kashe hannun ba shin abin da ya yi daidai ne tsakanin mutanen da suke shan shayi ɗaya. To bari in ba ka amsar tun daga farko kafin in ja zance: Mutari bai yi daidai ba da ya ce hannun ya mutu, marafen nan na Lawali ne. Amma maganar Lawali ta cewa katinsa ne ya yi yadda ya so, wannan ita ce ta fi zama kuskure, don muddin akwai mutum na uku a cikin hannu to abin da ke rubuce a katinka ba naka ba ne kai kaɗai.

Gaskiya ne na yi aikin, lokacin da na tafi bida can ƙasashen bakin teku na raba karta a wani otel, kuma na bari na dawo gida. Tunda ka ce ba kuɗi kuke sawa ba na ji daɗi, kuma ina roƙonku ku tsaya a nan, kar ku bari ko dala ta shiga, don maganar caca ba ta da wani lauje cikin naɗi, Alƙur'ani ya yi maganarta a Baƙara aya ta 219 da Ma'ida aya ta 90 da 91, har ma aka ambaci gaba da ƙiyayya da take sawa tsakanin mutane, kai ma ga shi ka gani da idonka a kan marafen kwalba ma mutum biyu sun daina gaisawa yadda suka saba, ina ga in jika goma ce a tsakiyar tabarma. Hukuncin wasan karta da babu kuɗi ciki kuwa wannan fagen malamai ne ba nawa ba, Damagaram ba ta rasa malamai ba ku tambaye su. Ni abin da zan iya ba ka shi ne dokar wasan da dalilinta.

Inda dokar take fitowa

Poka ba kamar ƙwallo ba ce da za ka ce ga FIFA ga littafi ɗaya duk duniya. Kowane gida da tsarinsa, sai dai akwai rubutattun dokoki guda biyu da kusan kowa yake komawa gare su. Akwai wanda Bob Ciaffone ya tattara mai suna Robert's Rules of Poker, shi gidaje da yawa suka ɗora nasu a kai, musamman wasan da kowa yake zama da jeton ɗinsa ya tashi lokacin da ya ga dama. Akwai kuma dokokin TDA, ƙungiyar masu kula da gasar poka, wadda Matt Savage da Linda Johnson da Jan Fisher da David Lamb suka kafa a 2001 saboda a da kowace gasa da nata hukunci, mutum ya saba da wani abu a wannan gari ya je wani a hukunta shi a kansa. Babbar gasar duniya ta WSOP da aka fara a Las Begas ta Amurka a 1970 tana da nata takardun amma a wannan batun tafiyarsu ɗaya da TDA.

Wannan bambancin yana da muhimmanci a tambayarka. Abin da kuke bugawa, kowa a ba shi ɗari, wanda nasa suka ƙare ya tashi har a bar mutum ɗaya, wannan gasa ce, turnuwa kenan ko da ku shida ne a kan tabarma. Don haka dokar gasa ce take hawa kanku, kuma ita ta fi tsanani.

Abin da ta ce a sarari yake: wanda ya buɗe katinsa alhali akwai sauran zubi ana iya hukunta shi amma hannunsa ba ya mutuwa, kuma hukuncin sai an gama wannan hannun yake farawa. Hukuncin hawa-hawa ne, a ja masa kunne, ko a ce ya zauna hannu ɗaya bai buga ba, ko zagaye ɗaya ko fiye, in ya zama ɗan tsiya mai maimaitawa a kore shi daga gasar gaba ɗaya. Kuma kar ka ɗauka zaman zagaye ɗaya wasa ne, don yana waje ana ci gaba da ɗibar zubin dole, wato wanda ake sawa bi da bi kafin a raba kati, daga jeton ɗinsa duk lokacin da layi ya zo kan kujerarsa.

Mutane suna yawan tambayata to me ya sa ba a kashe hannun kawai a huta. Dalili na farko yawancin masu buɗe kati kafin lokaci ba da gangan suke yi ba, mutum bai lura akwai wani a can gefe da bai kwanta ba, ko ya ji kamar an ce an bi shi sai ya juya, in ka ce duk wanda ya yi haka ya rasa komai ka zalunci mutane da yawa a kan mantuwa. Na biyu kuma shi ne ya fi, in aka san buɗe kati yana kashe hannu to masu wayo za su mai da shi sana'a, mutum ya turo jeton kamar ya bi, ya yi wani gunaguni da ba a ji sosai, kai ka juya katinka shi kuma ya ɗaga hannu ya ce ai ni ban ce na bi ba, hannunsa ya mutu a ba ni. Ka ga dokar da aka yi don hana cuta ta koma makamin cuta. Wanda ya nuna kati dama ya riga ya hukunta kansa da rabi tunda kowa ya san abin da yake riƙe. Akwai gidajen da suke kashe hannun in sun tabbata da gangan ne, amma sai in an faɗa tun kafin a fara, ba bayan an ga wanda ya ci ba.

Mutum na uku

Yanzu mu zo kan dalilin hanin, don in ka gane shi ba sai ka haddace doka ba. Dubi hannunku da kyau. Lawali ya nuna as ɗin pik, kuma wa yake son ya tsorata? Duk wanda yake da ƙaramin kuler. Mutari ne ke bayansa, ya kwanta da hannun da ya fi na kowa a lokacin. Kai kuma da kake na ƙarshe, ka ga mutum ɗaya ya fita, ka ga wanda ya rage yana ta hayaniya, sai ka ce bari in bi da sarki biyu. To da a ce Lawali ya zuba ya yi shiru, mai yiwuwa Mutari ya bi, kai kuma da ka ga zubi babba ga wani ya bi ga pik uku a ƙasa, da wuya ka tsaya da sarki biyu, ka kwanta kenan marafenka suna gabanka. Kati ɗaya da aka juya ya canza makomar mutum uku, kuma bai canza ta daidai wa daida ba, don wanda zai yi magana da farko da wanda zai yi daga baya ba amfani ɗaya suke samu daga labarin ba. Wannan shi ne asalin abin. Poka an gina ta a kan kowa yana yanke shawara da duhu iri ɗaya, kuma ba wanda yake da ikon yaye wa wani wannan duhun ya bar wani.

Kuma wannan hanin bai tsaya ga mai riƙe da kati ba, wallahi wanda ya riga ya kwanta ya fi yin ɓarna, kuma a fada shi ne ya fi yawa. An buɗe bakwai, bakwai, sarki, sai ka ji wani da ya zubar tun farko ya dafe kai ya ce kash, bakwai na yar. Shi a ganinsa bai yi komai ba tunda ba ya ciki. Amma bakwai huɗu ne a karta, biyu suna ƙasa, ya ce ɗaya na wurinsa, saura ɗaya tak, duk wanda yake shirin yin burga kamar yana da bakwai an kashe masa kasuwa, wanda kuma yake da sarki yana ɗari-ɗari yanzu ya samu ƙarfin gwiwa. Ko ba ka buɗe baki ba, buga cinya da tsaki da zaro ido duk nuna kati ne.

Bari in sa maka lissafi ka ga ba ƙaramin abu ba ne. Mutum yana da ker biyu a hannu, an buɗe ukun farko na ƙasa akwai ker biyu a ciki, yana neman ɗaya ya cika kuler. Ker 13 ne, ya ga 4, saura 9 cikin kati 47 da bai gani ba, damarsa ta cikawa zuwa kati na ƙarshe wajen kashi 35 cikin ɗari ce. In wani ya ce ai ni ker biyu na yar, sun koma 7 cikin 45, damar ta sauko wajen kashi 29. Wannan ratar kaɗai ta isa ta mai da bi ya zama kwanciya. Shi ya sa TDA ta hana kowa, yana cikin hannu ko ba ya ciki, faɗin abin da ke cikin kati mai rai ko wanda aka yar, ta hana ba da shawara, ta hana karanta hannun da ba a shimfiɗa ba. Hannu ɗaya mutum ɗaya. Mu nan ai mun san wannan tun a wurin dara, tsofaffi suna bugawa a gindin bedi ka tsaya a kansu ka ce wa ɗaya ga inda za ka ci, ka san irin kallon da za a yi maka.

In ku biyu kaɗai kuka rage fa? A wasan da ba gasa ba, gidaje da yawa suna barin mutum biyu su yi ta surutu, har ɗaya ya juya kati ya ga yadda fuskar ɗayan za ta yi, don jeton ɗin su biyu ne kawai a ciki, wanda ya cutu shi ya jawo wa kansa. Amma a gasa ko ku biyu ne a hannun an hana, saboda mutum na uku yana nan ko ba ya riƙe da kati: duk wanda ya rage a gasar yana amfana in wani ya fita. Ka ɗauka saura ku huɗu, abokina ya rage da ƴan marafe kaɗan yana shirin zuba duka, ni kuma ina da as biyu sai na ɗan karkata masa su ya gani ya kwanta. Na cece shi kenan, kuma da haƙƙin sauran biyun na cece shi. Daga nan zuwa haɗin baki taku ɗaya ne, kuma alƙalin wasa ba ya iya shiga zuciyar mutum ya gane wanne ne burga wanne ne taimakon aboki, sai aka rufe ƙofar duka. Sai in gasar ta zo ƙarshe mutum biyu kawai suka rage a duk faɗinta, a nan ake sassautawa don ba sauran wanda za a cuta.

Na san inda samari suke ɗauko wannan ɗabi'a, a bidiyon waya ne. Tun 1999 da wani shiri na tele a Birtaniya mai suna Late Night Poker ya fara sa kamara a ƙarƙashin tebur mai gilashi, mai kallo yake ganin katin kowa, sai idonka ya saba har ka manta su waɗanda suke zaune ba sa gani, kuma in ana nuna wasan yayin da ake bugawa jinkirta hoton ake yi don kar wani ya kai rahoto. Sannan guntayen da suke yawo yawanci na wasan da ba gasa ba ne, mutum biyu, inda aka yarda da nunawa. A gasa kuwa sunan da aka fi tunawa shi ne Jamie Gold wanda ya ci WSOP ta 2006, mutum 8,773 suka shiga ya tafi da dala miliyan 12, bakinsa bai huta ba, yana faɗa wa mutane abin da yake riƙe, wani lokaci gaskiya wani lokaci ƙarya, kuma surutun da ya jawo yana cikin abin da ya sa aka ƙara matse dokar magana a kan hannu bayansa. Amma ba a hana magana kwata-kwata ba. A 1998 Scotty Nguyen, saura su biyu shi da Kevin McBride, a ƙasa akwai takwas uku da tara biyu, ya zuba duka ya ce masa in ka bi komai ya ƙare, McBride ya bi, kuma ya ƙare ɗin don Scotty yana da tara a hannu, in aka haɗa da na ƙasa tara uku da takwas biyu kenan. Bai ambaci kati ba, bai juya kati ba, kuma babu mutum na uku. Ni a nan nake ganin iyakar dabara mai tsafta take.

To cuta ce ko dabara, abin Lawali? Ba zan kira shi maguɗi ba, bai ɓoye kati a hannun riga ba bai leƙa na kowa ba, a gaban kowa ya yi. Amma karya doka ne kuma rashin kyautawa ne, ya ci riba da abin da ba shi da ikon taɓawa. Tunda ba ku taɓa kafa doka a kai ba kafin ranar, ba za a hukunta shi a baya ba, marafe sun tafi, amma ya kamata ya ce wa Mutari da kai ku yi haƙuri, kuma in kai ne za ka kai masa maganar ka kai masa shi kaɗai ba a gaban fada ba. Shi kuma Mutari ka gaya masa wani abu da zai amfane shi: mutumin da yake da kuler mai as, hannun da ba a iya dokewa a wannan ƙasan, me zai sa ya kori masu biyansa? Shiru zai yi yana addu'a a bi shi. Wanda ya ɗaga as yana cika baki yawanci kwanciyarka yake nema. Daga inda Mutari yake zaune pik 7 ne suka rage cikin kati 45 da bai gani ba, bai kamata kati ɗaya ya sa ya yar da kuler ba.

In an gama zubi

A nan ma ana rigima sosai, kuma dokar mai sauƙi ce. Wanda ya yi zubi ko ƙari na ƙarshe a zagayen ƙarshe shi yake fara buɗewa, don kai da ka bi shi ka biya kuɗin gani ne. In kowa ya wuce ba a zuba ba, na farko daga hagun mai rabo shi yake farawa. Wanda yake son ya ci sai ya shimfiɗa katinsa duka biyu a fili, ba ɗaya ba, ko da ɗayan ba ya aiki, don a tabbata kartar lafiya take ba wani kati da ya fito sau biyu. In ka ga an fi ka kana da damar ka tura naka a rufe ba wanda ya gani, amma da ka tura ka rasa bakin cewa a nuna maka na wani. In kuwa wani ya zuba duka, ya yi tapi, kuma ba sauran zubi, to a gasa dole kowa ya juya katinsa kafin a ƙarasa buɗe na ƙasa, wannan ma don kar wani ya jefar da hannu mai ci da gangan ya tura wa abokinsa jeton.

Sai doka ɗaya da nake so kowa ya riƙe: kati ne yake magana ba baki ba. Na ga wannan a gabana ina rabo. Wani mutum mai babbar riga ya zuba, wani saurayi ya bi, mai rigar ya ce kuler da ƙarfi yana riƙe da katinsa a tsaye bai ajiye ba, saurayin ya ja numfashi ya wurga nasa cikin tarin waɗanda aka yar, suka shige tsakiya. Da mai rigar ya ajiye na jera su sai ga karo huɗu da ker ɗaya, ja ne duka amma ba iri ɗaya ba, ba shi da komai. Saurayin ya ce dam biyu gare shi, ya miƙa hannu zai tono, na dafe tarin don ba ni da ikon barinsa, na kira mai kula da ɗakin. Katin sun riga sun cakuɗe ba a iya cewa ga su, mai rigar ya rantse idonsa ne ya gaza, aka ja masa kunne aka tura masa jeton, yaron ya tashi yana rawar jiki. In an tabbata mutum da gangan ya yi ƙaryar hannunsa don wani ya yar, ana iya ƙwace masa abin da ya ci, amma tabbatarwar ce wuya. Don haka kar ka saki katinka sai ka ga wanda ya fi shi kwance a fili ka ƙirga da idonka, ko an turo maka jeton.

Akwai kuma jan rai, wanda doka ba ta cika kamawa ba amma duk mai mutunci yana ƙyamarsa. Kana da hannun da ka san ba a dokewa, an bi ka, sai ka tsaya kana shafa gemu kana cewa kai ka ci ni, ka bar ɗan'uwanka ya fara murmushi ya miƙa hannu, sannan ka juya a hankali. Ba jeton ko ɗaya da wannan yake ƙara maka, wulaƙanci ne zalla, kuma na ga ya raba mutanen da suka daɗe tare. In ka san kai ka ci juya nan take ko ba layinka ba ne.

In kowa ya kwanta ka ci ba tare da an bi ka ba, ba dole ka nuna komai, kuma in ka ga dama ka nuna, hannu ya ƙare ba wanda za ka cuta. Sharaɗi ɗaya ne, ka nuna wa ɗaya ka nuna wa kowa. Ba ka karkata wa na kusa da kai ya gani ku yi dariya ku biyu, don labarin yadda kake wasa zai yi masa amfani a hannu na gaba, sauran kuma ba su samu ba, duk wanda ke zaune yana da ikon cewa a buɗe a gani. Nuna burga bayan an kwanta maka halas ne a wasan, wani lokaci ma dabara ce don gobe a bi ka ranar da kake da kaya, amma akwai bambanci tsakanin ka juya ka yi shiru da ka juya kana yi wa mutum gwalo. Ni shawarata ga mai koyo kar ya nuna komai da ba a biya ba, duk katin da ka nuna kyauta darasi ne ka ba wanda yake neman cin ka. Haka nan roƙon a buɗe katin da zai zo da ba a kwanta ba, don mutum ya ga ko da ya ci, TDA ta hana, yana ɓata lokaci kuma fuskar mutum tana tona abin da ya yar.

In kuskure ne fa

Mai rabo ma yana iya juya kati. In kati na farko ko na biyu da ya fita daga karta ne ya buɗe, ko guda biyu suka buɗe a rabon, a tattara a sake. In ɗaya ne a tsakiya, a ƙarasa rabo, a ba mutumin wani, wanda ya buɗe a nuna wa kowa ya zama shi ne katin da ake ƙonawa, wato a ajiye gefe ba a amfani da shi, kafin ukun farko. Mutum ba ya cewa a bar mani tunda as ne, ko a canza mani tunda biyu ne. In kuwa kai da kanka ya suɓuce maka ya faɗi a buɗe, naka ne haka za ka buga shi, kuma in mutum ɗaya ya gani sai a faɗa wa kowa.

Tsare kati aikin mai shi ne. A kan tabarma abin ya fi wuya don wani yana kan benci wani yana ƙasa wani yana tsaye a bayanka da kofin shayi, kuma samari suna son ɗaga kati har gaban hanci kamar masu buga belot. Bar su a ƙasa, ka rufa da tafin hannu biyu, ka ɗaga kusurwa da babban yatsa ka gani sau ɗaya ka haddace, ka ɗora marfi ɗaya a kai don kar mai rabo ya kwashe. In kuma maƙwabcinka ne yake sakaci kana ganin nasa ba tare da ka leƙa ba, ka gaya masa, ɗan'uwa ina ganin katinka gyara, in ana cikin hannu ne ka sanar cewa ka gani don a san yadda za a yi. Wasu za su ce ai sakacinsa ne ka ci abinka, ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan, musamman tsakanin mutanen da gobe za su haɗu a sahu ɗaya.

Abin da nake ba fadarku shawara, kafin a raba kati na gaba ku zauna ku yarda a kan abu uku ko huɗu da baki ɗaya: mai nuna kati ana cikin zubi hannunsa yana raye amma zai zauna zagaye ɗaya ana ɗibar zubin dolensa, wanda ya kwanta ya yi magana a kan abin da ya yar shi ma haka, ƴan kallo su koma gefe ba bayan masu wasa ba. Ku zaɓi mutum ɗaya da ba ya bugawa a daren, ko mai dafa shayi ne, ya zama shi ke yanke hukunci, in rigima ta taso a tsaya kowa ya dafe katinsa kar a cakuɗa komai sai ya yi magana, kuma abin da ya faɗa ya zauna har a tashi, in akwai mai ƙorafi a gyara dokar gobe kafin a fara.